Sankarar Mama Mai Taƙaitacciyar Yaɗuwa: Hanyoyin Magani Daga Illela Zuwa Sakkwato

Sankarar mama tana farawa ne da ƙullutu a cikin nono, amma yawanci abin da ke kai mai ita ƙasa shi ne yaɗuwarta zuwa wasu sassan jiki. Ƙwayoyin ciwon kan ɓalle daga ƙullutun farko, su bi jini ko hanyoyin kaluluwa, su sauka a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Da zarar hakan ta tabbata, likitoci kan ce ciwon ya kai mataki na huɗu. Sai dai matan da ke wannan mataki ba halinsu ɗaya ba. Akwai wadda ciwon ya watsu a jikinta ko'ina, akwai kuma wadda aka bincika ciki da bai ba a samu komai ba sai tabo ɗaya a ƙashin baya, ko biyu a huhu. Wannan rukuni na biyu shi ne mai taƙaitacciyar yaɗuwa, kuma shekara talatin ke nan masana na bincike a kan yadda ya kamata a bi da shi.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an samu sabbin masu sankarar mama sama da 32,000 a Nijeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu. Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya gano cewa kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen mata masu wannan ciwo a Afirka kudu da Sahara ba sa isa asibiti sai yana mataki na uku ko na huɗu. A gari irin Illela, wanda ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar, kimanin kilomita 85 arewa da Sakkwato, wannan na nufin da yawa daga matan da ake ganowa suna bukatar sanin abin da magani zai iya yi musu bayan ciwon ya riga ya tsallake nono.

Asalin wannan fahimta

A 1889 wani likitan fiɗa na Landan, Stephen Paget, ya duba bayanan ɗaruruwan matan da sankarar mama ta kashe, ya lura cewa ciwon yana da wuraren da ya fi son sauka. Sai ya kwatanta ƙwayar ciwon da iri, sassan jiki kuma da ƙasa: iska na iya watsa iri ko'ina, amma ba ya tsira sai inda ƙasar ta karɓe shi. Bayansa an daɗe ana jayayya tsakanin ra'ayi biyu. William Halsted na Amurka yana ganin ciwon na tafiya ne daki-daki daga nono zuwa hammata sannan ya wuce, don haka babbar tiyata ce maganinsa. Bernard Fisher kuwa ya nuna cewa sau da yawa ƙwayoyin sun riga sun shiga jini tun ƙullutun yana ƙarami, don haka dole a haɗa da maganin da zai zagaya jiki duka.

A 1995 Samuel Hellman da Ralph Weichselbaum na Jami'ar Shikago suka kawo ra'ayi na uku. Suka ce akwai wani hali a tsakani, inda ciwon ya fita daga nono amma bai sami ƙarfin mamaye jiki ba tukuna, kuma a wannan hali ƙone ko cire 'yan wuraren da ya sauka na iya tsawaita rai sosai. A yau ƙungiyoyin likitocin daji na Turai da Amurka sun tsaya a kan cewa taƙaitacciyar yaɗuwa ita ce tabo ɗaya zuwa biyar, waɗanda za a iya yi wa kowannensu magani a inda yake ba tare da jefa mai ciwon cikin haɗari ba. Tana zuwa ta fuska uku: a gano ta tare da ƙullutun farko a rana ɗaya, ko ta bayyana bayan shekaru da gama maganin farko, ko kuma mace tana kan magani, ciwon ya lafa ko'ina sai wuri ɗaya ko biyu da suka ci gaba da girma.

Tabbatarwa kafin a fara magani

Hanyar mace 'yar Illela tana farawa ne daga asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko babban asibitin garin, inda ake duba ta, a yi gwajin farko, a rubuta mata takardar turawa. Daga nan sai ta bi titin Gwadabawa da Kware zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda ke da sashen kula da masu ciwon daji da na gashi, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi. A can ne ake amsa tambayoyi biyu da duk magani ya rataya a kansu: wurare nawa ciwon ya sauka, kuma wane irin ciwo ne.

Amsar tambayar farko ta dogara da ƙarfin idon na'urar da aka yi amfani da ita. Hoton ƙirji na yau da kullum da sikanin ciki suna kama manyan tabuna kawai. Hoton CT na ƙirji da ciki da ƙugu ya fi su gani, hoton MRI kuma shi ne gwani a ƙwaƙwalwa da laka da hanta. Akwai hoton ƙasusuwa na musamman, da hoton PET wanda ke leƙa jiki gaba ɗaya, amma wannan na ƙarshe a cibiyoyi ƙalilan ake samunsa a ƙasar, irin na Legas. Matar da aka ce tabonta ɗaya bisa hoton ƙirji kaɗai na iya zama mai tabo goma idan aka yi CT. Shi ya sa likita ba ya gaggawar cewa yaɗuwar taƙaitacciya ce har sai an yi hoton da ya dace.

Akwai kuma cututtukan da ke kwaikwayon yaɗuwa a wannan yanki. Tarin fuka yana barin tabo a huhu, yana kuma cin ƙashin baya ta yadda hotonsa kan yi kama da na daji. A hanta, ƙurji ko ciwon dajin hantar kanta, wanda cutar hanta nau'in B ke haddasawa, na iya rikita mai karanta hoto. Idan aka ɗauki tabon tarin fuka a matsayin daji, an mayar da mace mai ciwon da zai iya warkewa zuwa mataki na huɗu a takarda, an kuma bar tarin ba magani. Saboda haka ƙa'idar ita ce a ɗebo ɗan yanki daga tabon da ake zargi a duba, muddin allura za ta iya kaiwa gare shi lafiya. Haka kuma kaluluwar da ta fito a ramin wuya, ta ɓangaren nonon da ke ciwo, ba a lissafa ta cikin mataki na huɗu. Tana cikin mataki na uku, kuma ana yi mata magani da niyyar warkarwa.

A nan ne ake karo da wata magana da ta kafu a ƙasar Hausa, cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Abin da ke ƙarfafa wannan zance shi ne mata da yawa ba sa yarda a taɓa su sai ciwon ya yi nisa, sannan a ɗora laifin abin da ya biyo baya a kan allurar. Gaskiyar ita ce ɗibar yanki ba ta sa ciwon yaɗuwa. Ana kashe wurin da allura, a zura wata allura mai rami, a ciro tsoka siririya kamar zare guda uku ko huɗu, a jefa su cikin kwalbar ruwan adanawa. A ɗakin gwaji ana daskarar da tsokar a cikin ɗan dunƙulen kakin zuma irin na asibiti, a yanyanka ta siriri, a rina, a duba a madubin likita. Wannan ɗan dunƙule yana daɗewa bai lalace ba, kuma ana iya aika shi wani gari a sake gwaji. Sakiyar wanzami da ɗora magani mai cin fata kuwa suna buɗe gyambo ne, su jawo ruɓa da zubar jini, su cinye watannin da ake bukata.

Gwajin tsokar ne ke amsa tambaya ta biyu. Ana neman alamomi uku a jikin ƙwayoyin ciwon: ko suna cin abinci daga sinadaran mata guda biyu, istirojin da furojestaron, da kuma ko suna ɗauke da wani furotin mai suna HER2 fiye da kima. Sakamakon ya raba ciwon gida uku: mai bin sinadarin mata, mai HER2, da wanda ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Wani lokaci tabon da ya fito daga baya yakan bambanta da ƙullutun asali, wanda ke ƙara nuna amfanin sake gwaji. Iyalin da kuɗinsu ba yawa, wannan gwaji ne wurin da ya fi cancanta su fara kashewa, domin shi ke hana sayen magani mai tsada da ba zai yi aiki ba.

Maganin da ke zagaya jiki shi ne ginshiƙi

Ko da hoto ya nuna tabo ɗaya tak, likitoci na ɗauka cewa akwai wasu ƙwayoyi da suka yi wa na'ura ƙanƙanta. Don haka duk tsarin magani yana farawa ne da abin da zai bi jini ya kai ko'ina.

Ga mai ciwon da ke bin sinadarin mata, zaɓin farko shi ne a hana ciwon abincinsa. Wannan dabara tsohuwa ce: a 1896 George Beatson na Gilasgo ya ba da rahoton cewa cire ma'ajiyar ƙwan mace ya sa sankarar mama ta ja baya. A yau ana amfani da ƙwayar tamoxifen, guda ɗaya kullum, ko letrozole da anastrozole ga wadda al'adarta ta ɗauke. Wadda take jinin al'ada ana dakatar da aikin ma'ajiyar ƙwanta da allurar goserelin a fatar ciki, ko a cire ma'ajiyar da tiyata sau ɗaya a huta, wanda sau da yawa ya fi sauƙi ga mai zuwa daga nesa. Tun 2015 an samu wasu ƙwayoyi da ake haɗawa da waɗannan, wato palbociclib, ribociclib da abemaciclib. A wani babban gwaji, matan da suka sha ribociclib tare da letrozole sun kai matsakaicin wata 64 a raye, waɗanda suka sha letrozole kaɗai kuma wata 51. Magungunan suna da tsada, amma ko ba su, ƙwayar hana sinadari ita kaɗai tana iya riƙe ciwo wata da watanni, wani lokaci shekaru. Ba a fara wa irin wannan mace da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, sai idan hanta ko huhu na gab da gazawa, ana bukatar sakamako cikin hanzari.

Mai HER2 a da yana cikin mafi saurin kisa, har sai da aka samu trastuzumab a 1998. Ana ƙara shi ta jijiya duk mako uku, tare da kemo a farko, ana kuma duba ƙarfin zuciya lokaci-lokaci domin yana iya raunana ta. Gwajin da ake kira CLEOPATRA ya nuna cewa ƙara pertuzumab a kan trastuzumab da docetaxel ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 41 zuwa kusan 57, kuma kashi 37 cikin 100 na matan suna raye bayan shekara takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya trastuzumab cikin jerin magungunan da ba makawa a 2015, ta kuma amince da kwafinsa na farko mai rahusa a ƙarshen 2019.

Ciwon da ba shi da alama ko ɗaya, wanda ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai, kemo ne babban makaminsa: doxorubicin, cyclophosphamide, paclitaxel, carboplatin, ko ƙwayar capecitabine da ake sha a gida. Kafin kowane zagaye ana auna jini. In ƙwayoyin garkuwa sun yi ƙasa, sai a ɗaga. Doxorubicin ja ne, yana rina fitsari kwana ɗaya ko biyu, abin da ke tsorata wadda ba a gaya wa ba. Gashin kai yana zuba, yana kuma dawowa bayan an gama. Dole a gwada cutar hanta nau'in B kafin a fara, domin kemo na iya tayar da ita daga barci. Ga wasu matan akwai pembrolizumab mai zaburar da garkuwar jiki, ga masu gadon lahani a ƙwayar halittar BRCA kuma akwai olaparib. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a kan mata 1,136 a Ibadan ya gano irin wannan lahani na BRCA a kusan kashi 11 cikin 100, abin da ya sa tambayar tarihin dangi ke da muhimmanci.

Cire nonon bayan ciwon ya yaɗu

Iyalai da yawa na ɗauka cewa cire nonon shi ne maganin, wasu kuma tsoron cirewar ne ke hana su zuwa asibiti. Manyan gwaje-gwaje huɗu sun duba wannan batu. A Asibitin Tata na Mumbai, Rajendra Badwe ya raba mata 350 gida biyu, aka wallafa sakamakon a 2015: waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda ba a yi wa ba duk sun rayu kimanin wata 20. Gwajin Amurka ƙarƙashin Seema Khan, mai mata 256, ya samu kashi 68 cikin 100 a raye bayan shekara uku a kowane ɓangare, kodayake tiyatar ta rage dawowar ciwon a ƙirji. Na Japan ma bai ga ƙarin tsawon rai ba. Na Turkiyya ne kaɗai, mai mata 274, ya samu bambanci bayan shekara biyar, kashi 42 da kashi 24, kuma amfanin ya fi fitowa a matan da ba su kai shekara 55 ba, masu ciwon da ke bin sinadari, masu tabo ɗaya a ƙashi.

Abin da likitoci suka ɗauka daga wannan shi ne ba a cire nono ga kowace mai mataki na huɗu. Ana duba yiwuwarsa ga wadda yaɗuwarta ta tsaya a ƙashi, ta kuma amsa magani da kyau na wasu watanni. Akwai dalili na daban da ya fi yawa a asibitocin Arewa: nonon da ya fashe, yana wari, yana zubar da jini. A nan ana yin tiyata ko gashi domin mace ta sami tsabta da barci da zama cikin mutane, ta iya sallah ba tare da damuwar ruwan gyambo ba. Wannan manufa ce mai daraja a karan kanta, kuma ya kamata a faɗa wa iyali ita a fili kafin a shiga ɗakin tiyata.

Gashi mai saiti a kan tabon

Babban abin da ya farfaɗo da ra'ayin Hellman da Weichselbaum shi ne ci gaban na'urar gashi. Gashi mai saiti yana tara haske mai ƙarfi daga kusurwoyi da yawa a kan tabo ɗaya, cikin zama ɗaya zuwa biyar. Ana fara kwantar da mai ciwon a kan wata katifa da ke ɗaukar siffar jikinta, a yi mata hoton CT, a ɗiga alamomi a fata. Likita da masanin na'ura su kwashe kwanaki suna zana iyakar tabon da ta sassan da za a kare, kamar laka da hanji. Ranar gashin tana kwance ba motsi, na'urar na kewaya ta. Ba zafi, ba yanka, in tabon a huhu ko hanta yake ana iya cewa ta riƙe numfashi na ɗan lokaci.

Gwajin SABR-COMET na David Palma a Kanada, wanda aka wallafa a 2019, ya ɗauki mutum 99 masu ciwon daji iri-iri, 18 daga ciki masu sankarar mama. Bayan shekara biyar, kashi 42 na waɗanda aka yi wa gashin suna raye, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 18. Amma mutum uku cikin 66 sun rasu sakamakon gashin kansa. Da aka zo gwajin da ya keɓanta ga sankarar mama, NRG-BR002 na Amurka, mai mata 125 da tabonsu bai wuce huɗu ba, sakamakon 2022 ya nuna cewa ƙara gashi ko tiyatar tabo a kan maganin jiki bai jinkirta ci gaban ciwon ba: wata 19 da rabi ga waɗanda aka ƙara wa gashi ko tiyata, wata 23 ga sauran. Darasin a bayyane yake ga iyalin da ke tunanin sayar da gona ko shanu don zuwa Legas ko Masar ko Indiya neman wannan gashi. Yana kashe tabon da aka saita shi a kai, amma ba a tabbatar yana ƙara tsawon rai ga yawancin masu sankarar mama ba, kuma bai kamata ya cinye kuɗin maganin yau da kullum ba.

Kowace gaɓa da hukuncinta

Ƙashi shi ne wurin da ciwon ya fi sauka, kuma masu yaɗuwar ƙashi kaɗai sun fi daɗewa. Ana ba su zoledronic acid ta jijiya don ƙarfafa ƙashi da rage karaya. Bincike ya nuna yin sa duk wata uku yana aiki kamar duk wata, sauƙi ne babba ga mai zuwa daga Illela. Ana duba ƙoda da haƙora kafin a fara. Ga raɗaɗin ƙashi, zama ɗaya na gashin yau da kullum yana kawo sauƙi daidai da zama goma, illa dai an fi bukatar maimaita shi. Ƙashin cinya da ke gab da karyewa ana sa masa ƙarfe tun bai karye ba. Tabo ɗaya a ƙashin tsakiyar ƙirji yana cikin waɗanda ake yi wa gashi ko tiyata da kyakkyawan fata.

Ciwon baya mai tsanani da ke zuwa da nauyin ƙafafu, ko dindiris, ko kasa riƙe fitsari, alama ce cewa tabo ya danne laka. Wannan lamari ne na sa'o'i: a ba da dexamethasone, a yi MRI, a yi tiyata ko gashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta isa asibiti tana taka ƙafarta galibi takan ci gaba da tafiya. Wadda ta kwana biyu a shanye da wuya ƙafafun su dawo.

A ƙwaƙwalwa, maganin wurin yana gaba, domin yawancin kemo ba ya ratsawa can da kyau. Tabo ɗaya babba likitan fiɗar ƙwaƙwalwa na iya cire shi, 'yan ƙanana a yi musu gashi mai saiti, masu yawa a gasa kan duka. A hanta ana iya yanke ɓangaren da ke da tabon ko a ƙone shi da allura mai zafi, amma sai ga wadda ciwonta ya lafa a kan magani. Tabo ɗaya a huhu kuwa cire shi na yin aiki biyu, magani da kuma tabbatar da ko mene ne shi.

Wadda ta fi amfana, da batun warkewa

Abubuwan da ke nuna mace za ta amfana da maganin tabo sun haɗa da ƙarancin tabunan, kasancewarsu a gaɓa ɗaya, tazarar shekaru biyu ko fiye tsakanin ciwon farko da dawowarsa, amsa maganin jiki da kyau, da ƙarfin jikin da take iya hidimar kanta. Shawarar ba ta likita ɗaya ba ce. Zama ake yi tsakanin likitan daji, na fiɗa, na gashi, mai karanta hoto da mai duba tsoka.

Warkewa ɗungurungum tana faruwa, amma ba ta da yawa. A Cibiyar MD Anderson ta Amurka an bi mata 1,581 da aka yi wa kemo tsakanin 1973 da 1982. Kashi 3 cikin 100 ne suka wuce shekara biyar ba alamar ciwo, yawancinsu matasa masu ƙarancin yaɗuwa. Magungunan yau sun fi na wancan zamani, musamman ga mai HER2. Duk da haka, abin da likita mai gaskiya zai yi alkawari shi ne ƙoƙarin riƙe ciwon shekaru cikin ƙoshin rayuwa. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai kawar da shi cikin kwana arba'in, kuɗi yake nema.

Kuɗi, hanya da iyaka

Magani mai kyau da aka yanke a tsakiya ya kan zama asara biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2021 kan sankarar mama, ta sa burin a kammala gano ciwo cikin kwana 60, kuma kashi 80 cikin 100 na masu ciwon su kai ƙarshen maganinsu. Don haka ya fi kyau a zauna da likita tun farko a faɗi ƙarfin aljihu, a zaɓi tsarin da za a iya ɗorewa a kai. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, a asibitoci shida, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. A 2023 Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa ta fara aiki ƙarƙashin Usman Malami Aliyu, likitan gashin daji da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Sakkwato. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Jihar Sakkwato na da hukumar taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA, kuma ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti shi ne wurin tambayar abin da mace ta cancanta.

Illela da Birnin Ƙonni gari biyu ne masu dangi ɗaya, kuma marasa lafiya na ƙetarawa ta kowane ɓangare. Wasu na zuwa asibitin Galmi, gabas da Ƙonni, wasu na nufar Yamai, mai nisan sama da kilomita 400, inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Nijar ta fara gashi a 2021. Mutanen jihar Tawa kuma na gangarowa Sakkwato. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mai karɓar magani a ƙetare tana bukatar kwafin sakamakon tsoka, faifan hotuna, da takardar da ta lissafa sunan kowane magani da adadinsa da ranar da aka ba ta, domin wani asibiti ya ɗora daga inda aka tsaya. Magungunan daji kuma daga kantin asibiti ko amintaccen kemis ake sayensu, saboda jabu da waɗanda zafi ya lalata suna yawo a kasuwannin iyaka.

Bibiya da rayuwar yau da kullum

Bayan an fara magani ana sake awo da hoto duk wata biyu zuwa huɗu. In ciwon ya lafa, a ci gaba. In wuri ɗaya ne ya motsa, ana iya gasa shi a bar maganin yadda yake. In ya motsa a wurare da yawa, a sauya zuwa wani layin magani. Zazzaɓi a lokacin kemo ba a ɗaukarsa maleriya kawai a sha magani a gida, domin garkuwar jiki na iya kasancewa a ƙasa. Asibiti ake zuwa a ranar. Kemo da tamoxifen da trastuzumab suna cutar da ɗan tayi, don haka ana bukatar tazarar haihuwa ta hanyar da ba ta ƙunshi sinadarin mata ba, a kuma yaye mai shan nono, abin da ke bukatar fahimtar maigida tun daga farko. A watan azumi, ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana ana iya mayar da ita sahur ko buɗa-baki da sanin likita, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Kula da raɗaɗi yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da sauran magani tun ranar farko. Ana hawa daga farasitamol zuwa masu ƙarfi har zuwa ruwan mofin na sha, wanda in an ba da shi bisa ƙa'ida, a kan lokaci, yana barin mace ta ci abinci, ta yi barci, ta kula da 'ya'yanta. Wanke gyambo da ruwan gishiri da barbaɗa garin metronidazole na rage wari, kuma ma'aikatan jinya na asibitin Illela da na ƙauyuka za su iya koya wa mai jinya yin hakan a gida, yadda ba sai an yi tafiyar Sakkwato ba sai ranar ganin likita ko lokacin da wata alamar haɗari ta bayyana.